Albasar Kwaɗin da Na Rufe da Siminti

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa a inda kike kwance. Mu nan Batsari muna lafiya, ni da Hajara da yara. Ƙanwarki, Iya Tabawa, tana nan Safana, ƙafa ce dai take matsa mata. Damina ta faɗi, an yi ruwa sau ukku, ƙasa ta jiƙa.

Inna, na san babu mai kai maki wannan takarda. Ko da kina da rai ma sai an nemi mai karanta maki. Shekara ukku ke nan da 'yan watanni da rasuwarki. Amma akwai maganar da ya kamata in yi maki tun kina zaune a ɗakin nan na kusa da katanga, ban yi ba. Yau zan yi ta, kuma a fili zan yi ta, inda mutane za su gani.

Maganar albasar kwaɗi ce.

Kin tuna ƙauyenmu na bayan garin Zakka, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Ina yaro nakan bi ki itace. Idan aka yi ruwan farko, ƙarƙashin marke da ƙirya sai ka ga wani ɗan ganye siriri ya fito kamar na albasa, bai kai tsawon hannu ba. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da fure fari mai dogon wuya. Ba ya buɗewa sai rana ta yi sanyi, kuma kafin hantsin gobe ya yanƙwane. Muna dawowa da yamma, da itace a kanki, sai ki tsaya, ki sauke kayan, ki durƙusa ki kai hanci. Ni ma in durƙusa. Kullum maganarki ɗaya ce: “Kalla da ido, shaƙa da hanci, amma kar ka kai baki. Ko akuya ba ta cin shi.”

Ni ne ɗanki na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ina ƙarami “kai wannan” kike ce mani. Da na gama karatu aka ɗauke ni koyarwa, sai na zama “Malam”. Ba ki taɓa yi mani faɗa a gaban mutane ba, ba ki taɓa neman wani abu a wurina kai tsaye ba, sai dai ki bi ta wurin Hajara. Na girma ina ganin wannan kunyar taki, na kuwa mayar da ita abin jin daɗina. Mutumin da ba ya musa maka, sai ka manta yana da abin da yake so.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana ku noma, mutanen ƙauye suka watse, na tura mai babur ya ɗauko ki. Kika iso da ƙullin kaya ɗaya, da buta, da ƙwarya a cinya. Cikin ƙwaryar akwai tsumma a naɗe. Da kika kwance shi na ga 'yan albasu ƙanana guda biyar, da ƙasa a jikinsu. Na ɗauka na miya ne. Har na ce maki albasa ba ta tsada a kasuwar Batsari. Kika ce, “Ba ta ci ba ce.” Ban tambaye ki ta mece ce ba. Na juya na tafi sallamar mai babur.

Kika zaɓi lungun da ke tsakanin ɗakinki da katanga, inda inuwar bishiyar bedi ke faɗawa da rana tsaka. Kika sa aka ɗebo maki yashi daga rafi. Kika tattara busasshen ganyen da ya fara ruɓewa kika cuɗa da shi. Hajara ta kawo maki takin awaki, kika ce a'a, yana da zafi, a daji ganye kawai yake ci. Kika zagaye wurin da ƙaya saboda kaji. Da rani ya shigo ganyen ya bushe, wurin ya koma ƙasa zalla, amma ba ki bar kowa ya taka ba. Damina ta biyu suka yi fure. Hajara ta ce kin kira ta ta gani, kin kira yara. Ni ina can makaranta ina duba takardun jarrabawa. Da na dawo aka faɗa mani, na ce to, na wuce ɗakina.

Malamin aikin gona ne ni, Inna. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina zana wa yara sassan fure. Ga fure a gidana, taku goma daga ƙofar ɗakina, ban je na duba ba.

A ƙarshen wannan daminar aka ba ni mataimakin shugaban makaranta. Wata Juma'a bayan la'asar abokan aikina suka zo taya ni murna. Da muka gama a zaure suka ce za su shiga su gaishe ki. Muka tarar da ke tsugune a lungun, kina cire ciyawa, hannunki duk taɓo. Ɗaya daga cikinsu, wanda ba a daɗe da turo shi daga birni ba, ya leƙa ya ga ganyen. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ashe gidan masu kimiyya ma ana ajiye gadali?” Yana nufin irin albasar nan da 'yan dambe da maharba ke shukawa don asiri. Wasa yake yi. Da na ce masa a'a, furen dajinmu ne, da maganar ta ƙare nan.

Ba haka na ce ba. Dariyata ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce, “Ku rabu da tsohuwa, tarkacen ƙauye ne, ta ƙi rabuwa da shi.”

Kin ji. Ba yadda za a yi a ce ba ki ji ba, don ko taku ukku babu tsakaninmu. Kika miƙe a hankali, kika goge hannu da gefen zane, kika amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Kika tambaye su iyali, da gajiya, da aiki. Kika sa masu albarka. Kika ce su riƙe ni amana. Ni kuwa ina tsaye, abin da ke damuna shi ne taɓon hannunki da tsohon zanen da ke jikinki.

Bayan mako biyu kika tafi Safana suna a gidan Iya Tabawa. Dama na daɗe ina son a yi wa tsakar gida siminti. Washegarin tafiyarki na kawo magini. Hajara ta same ni ta ce, “Malam, ka bari ta dawo mana. Ko kuwa a tone mata su a sa a tukunya.” Na ce mata ba ni da lokacin wasan yara. Shi kansa maginin, da ya iso lungun ya ga ƙaya, sai ya dakata ya ce, “Ranka ya daɗe, a zagaye nan?” Ina da damar in ce e. Kalma ɗaya ce. Na ce masa, “Rufe duka.”

Ba mantuwa ba ce, Inna. Ba kuskure ba ne. Da gangan na jira sai da kika bar gidan. Ban so wani baƙo ya sake shigowa ya yi mani wannan dariyar.

Na sayo furanni daga Katsina, jajaye da rawaya, a cikin tukwane masu fenti, na jera su bakin katanga. Ranar da kika dawo ina gida. Kika shigo da sallama, kika tsaya, kika dubi tsakar gidan. Idonki ya je lungun ya daɗe can. Ina jiran ki yi magana, har na shirya amsa. Kika ce, “Gida ya yi kyau, Malam. Allah ya sanya alheri.” Kika shiga ɗakinki. Ba ki sake tada zancen ba har kika bar duniya.

Sai daga baya Hajara ke faɗa mani cewa tun daga ranar kika canza wurin zama. Bayan la'asar sai ki ja tabarma ki shimfiɗa a kan simintin lungun, ki zauna da carbi har magariba. Ni na sha ganin ki a wurin. Na ɗauka inuwa kike bi.

Da rani ciwon ƙirji ya kama ki. Bai yi maki mako biyu ba. Ana saura kwana ɗaya ki rasu, na zauna bakin gadonki na ce, “Inna, ki yafe mani.” Haka kowa yake cewa, ni ma haka na ce, a dunƙule. Kika ce, “Ba ka yi mani komi ba.” Na karɓi wannan amsar da sauri, na ji sanyi a raina. Ban ambaci abin da na yi ba, alhali ina sane da shi. Na bar ki kika yafe abin da ban yi ƙarfin halin kiran sunansa ba.

Bayan sadakar arba'in Iya Tabawa ta kwana biyu a gidan. Da safe ta fito tana dube-dube bakin katanga, ta ce, “Lawali, ina albasar Yaya take?” Na nuna mata simintin. Ta dube shi, ta dube ni, ta nemi kujera ta zauna. Ta ce, “Ka san daga inda ta tono su?” Na ce daga daji. Ta ce, “Daga bakin maƙabarta. Gindin marken nan da ke kusa da babanka da ƙanenka Sa'idu. Ran da za a tashi, kowa na ta kwasar hatsi, mai babur na jira, aka neme ta aka rasa. Sai ga ta da hauya. Ta ce mani, ‘Tabawa, ba ni iya ɗauko su, bari in ɗauki abin da ke tsirowa kusa da su.’”

Iya Tabawa ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Ba ta gaya maka ba ko? Ai ba ta iyawa. Kai ne ya kamata ka tambaya.”

Ran nan na aro guduma na fasa lungun da hannuna. Na tona ƙasar a hankali da yatsu. Ɓawo baƙi kawai na samu, yana marmashewa. Babu ko ɗaya mai rai.

Da nan abin ya tsaya, da kunyata ɗaya ce. Amma akwai ta biyu, ita ma sai na faɗa maki.

Kin san Mamman, abokin wasana na ƙauye, wanda ke zuwa gidanmu da safe ki zuba mana koko a ƙwarya ɗaya. Shi ma nan Batsari ya dawo da iyalinsa. Itace yake sara a gefen daji, ya ɗoro wa jaki ya kawo gari. Da damina ta kama na same shi na ba shi labari, na ce ina son a samo mani irin albasar daga wurin da kika tono. Na ce masa aikin makaranta ya yi mani yawa, shi ya sa ba zan je da kaina ba. Ƙarya na yi. Tsoro nake ji. Na san waɗanda ke yawo a wannan hanyar, shi ma ya sani. Ya ce, “Na san marken. Bari a ƙara ruwa ɗaya ganyen ya fito sosai.”

Ya tafi da sassafe ranar wata Talata. Bai dawo ba sai washegari, a ƙasa, babu jaki. A gidan mai ɗori na same shi, an ɗaure masa hannun dama da karare, fuskarsa a kumbure. 'Yan bindigar sun tare shi a hanyar dawowa, sun ce leƙen asirinsu ya zo yi. Na zauna gefensa. Ya sa hannun hagu a aljihu ya fito da 'yan albasu ukku. Ya ce, “Da suka caje ni suka ga wannan, dariya suka yi suka watsar. Da suka wuce na bi na tsince. Biyar ne, biyu sun ɓace.” Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce, “Bari, Lawali. Inna ta sha cika mani ciki. Kuma na tsaya na yi wa su Baba addu'a, har da nawa iyayen. Ciyawa ta rufe wurin, amma marken na nan.”

Jaki an samu wani. Hannun kuwa bai koma daidai ba. Har yau Mamman ba ya iya ɗaga gatari sama da kafaɗa. Ya bar saran itace, yanzu kayan miya yake kasawa ranar kasuwa. Duk lokacin da muka gaisa ya miƙo mani wannan hannun, sai in ji kamar in nutse. Na ɓata abinki don kar a yi mani dariya, sannan na tura wanda ya fi ni rauni ya gyara mani da jikinsa.

Na shuka ukkun a lungunki. Na ɗebo yashin rafi, na cuɗa da ruɓaɓɓen ganye, na kewaye da ƙaya, duk yadda Hajara ta tuna kin yi. Suka yi ganye har kaka. Da rani ya zo ganyen ya bushe, hankalina ya tashi, na ɗauka mutuwa suke yi. Na dinga zuba masu ruwa safe da yamma. Da Iya Tabawa ta zo ta ga wurin jagab, ta riƙe baki ta ce, “Kai da aka ce malamin gona ne! Wa ke ba su ruwa a daji da rani? Barci suke yi, ƙyale su.” Na tona na duba, ɗaya ta riga ta ruɓe. Saura biyu.

Daga nan na koyi barin su. Na koyi cewa ba sa son a dame su da tono, ba sa son ruwa ya kwanta masu, kuma rana tsaka tana ƙona ganyen idan inuwa ta kauce. Damina ta biyu da ta ukku ganye kawai suka yi. Na sha tsugunawa a wurin bayan la'asar ina cire ciyawa, hannuna duk taɓo. Furannin Katsina kuwa tun ranin farko suka mutu, tukwanen ne Hajara ke shuka barkono a ciki.

Bana, kwana huɗu bayan ruwa na biyu, ɗaya ta fito da kara. Shekaranjiya da yamma, ana gab da kiran magariba, furen ya buɗe. Fari fat, da dogon wuyan nan, bai fi tafin hannu ba. Na durƙusa na kai hanci. Inna, ƙamshin nan ne, bai canza ba. Na aika aka kira Mamman. Ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Shi ne.” Muka tafi masallaci tare.

Hajara ta faɗa wa maƙwabciyarmu, ita kuma ta faɗa wa wasu. Jiya da sassafe, kafin rana ta taɓa shi, sai ga matan ƙauyenmu da ke zaune nan gari suna ta sallama. Sun kai su takwas. Har da ƙawarki Dije, wadda idonta ya yi rauni, ana riƙe da hannunta. Aka kai ta lungun ta durƙusa ta shaƙa. Ta ɗago ta ce, “Hatsin manoma ya hito. Da muna gida, da yau kowa na gona da iri.” Ashe haka tsofaffi ke kiran shi, don fitowarsa ke nuna ruwan shuka ya zauna. Ban taɓa sani ba. Suka zauna nan ƙasa suna lissafa gonakinsu da sunayensu, da rijiyar bakin kanya, da waɗanda suka rasu tun bayan tashi. Wasu na dariya, wasu na share ido da bakin mayafi. Biyu suka roƙe ni in albasar ta yi 'ya'ya in ba su. Na ce in sha Allahu.

Da za su tafi Dije ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Lawali. Ka riƙe abin uwarka. Ba kowane ɗa ke yin haka ba.” Sauran suka ce amin. Suna tsammani naki ne na asali, wanda kika zo da shi, na kula da shi duk shekarun nan.

Na yi shiru, Inna. Na sunkuyar da kai na karɓi albarkar. Hajara tana tsaye bakin madafa tana kallona. Na raka su har ƙofar gida ban buɗe baki ba.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba zan sake karɓar yafiya ko albarka a kan abin da na ɓoye ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan da Dije take, in zauna a gabanta in karanta mata takardar nan tun daga farko har ƙarshe, ta faɗa wa sauran. In ta janye addu'arta, ta yi daidai. In ta bar mani, to a lokacin ne ta zama tawa.

Ke kuma, Innata, ga abin da na kasa faɗa a bakin gadonki. Na ji kunyarki a gaban baƙi, ke da ba ki taɓa jin kunyata ba. Na kira abin da ya rage maki na mijinki da ɗanki tarkace. Na jira kika bar gida na rufe shi. Na gan ki zaune a wurin kullum ban tambaye ki ba. Waɗannan nake neman ki yafe mani, ɗaya bayan ɗaya, da sunansu.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka saka mata da haƙurin da ta yi da ni. Ka jiƙan Baba da Sa'idu da duk waɗanda ke kwance a wurin da ba mu iya kai masu ziyara. Ka ba Mamman lafiyar hannunsa, ka ninka masa ladansa. Ka kawo mana zaman lafiya, mutane su koma gonakinsu. Ka yafe mani abin da na yi ina sane. Amin.

Wassalam.

Ɗanki,
Lawali
Batsari